Gwiwar Hannun Wendell

Ƙanena Wendell ya yi shekaru yana likita a talabijin, alhali ko allura bai iya riƙewa ba. Wani shirin asibiti ne da ake ɗauka a Los Angeles, irin wanda mata ke kallo suna guga. Aikinsa ya shigo a guje cikin farar riga, ya durƙusa kan wanda zuciyarsa ta tsaya, ya yi ta danna masa ƙirji har ya farfaɗo. Mahaifiyarmu a garinmu Toledo har maƙwabta take kira su zo su ga ɗanta yana ceton rai.

Wanda ya koya masa dannawar wani tsohon ɗan wasa ne, Otis Bell, gwanin fitowa a marar lafiya. Ranar farko Wendell ya danna shi da gaske, tsohon ya tashi zaune ya ce, "Kai yaro, kashe ni aka turo ka yi? Lanƙwasa gwiwar hannu. Kafaɗa ce za ta yi rawa, ƙirjina kuwa shafa shi kawai za ka yi." Haka ya koya, har hannun ya riƙe abin da kansa.

Da aka rufe shirin, Wendell ya haura arba'in. Ya dawo gida ya shiga makarantar jinya da yaran da a haife ya haife su. Na yi masa tsiya son raina. Da ya gama sai ya zaɓi sashen masu ciwon ido, inda zuciya ba ta cika tsayawa ba, ya kuma gaya mini dalili.

"Yaya, a kan mutum-mutumin roba daidai nake dannawa. Tsorona ranar da zan ji fatar mutum a tafina, hannun ya koma wasa."

Na ce ya bar shirme, amma shi bai yi dariya ba.

Bikin godiya na bara, wanda Amurkawa ke yi duk shekara, Otis ya hawo bas ya zo mana cin talotalo, don ba shi da kowa. Da rana tsaka, yana cikin ba da labari, cokali ya suɓuce masa, ya sulale daga kujera. Mijina har ya fara tafi, tunda mutuwa ce sana'ar mutumin. Sai muka ga leɓɓansa suna yin toka-toka.

Wendell ya taɓa wuyansa, ya ce in kira motar asibiti, ya ɗora hannu ya fara. Ina riƙe da waya ina kallo. Kafaɗunsa na hawa da sauka, gwanin kyau, yadda mahaifiyarmu ke nuna wa maƙwabta. Amma maɓallan rigar Otis ko motsi ba sa yi. Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba, don mutum na mutuwa a ƙasan teburina, mai cetonsa kuma shafa shi yake yi.

"Wendell," na ce, "hannunka."

Ya dubi gwiwar hannunsa, ya gan ta a lanƙwashe. Gumi ya keto masa.

"Zan karya masa haƙarƙari, Yaya."

"Karya shi mana, don Allah karya shi."

Ya miƙar da hannun, ya sakar masa nauyinsa duka. Muka ji ƙas, kamar an taka busasshen reshe. Mijina ya juya baya. Wendell bai tsaya ba, yana danna yana kuka, har ma'aikatan motar suka shigo suka karɓe shi.

Sai da Otis ya kwana biyu kafin ya buɗe ido. Duk kwanakin Wendell bai ci abin kirki ba, yana ta tunanin ɗan lokacin da ya ɓata yana shafa, ko ƙwaƙwalwar tsohon ta tafi a cikinsa. Da aka ce mu shiga, a bayana ya laɓe.

Otis ya daɗe yana kallonsa, numfashi na yi masa zafi a haƙarƙari. Can ya ce, "Yaro, wa ya koya maka wannan mugun aiki?"

"Ba kai ba, Baba."

"To, Allah ya yi masa albarka."

Wendell yana nan a sashen ido. Na sha ganinsa a kicin ɗina, yana jiran ruwan shayi ya tafasa, ya dafa tebur da hannu biyu yana duba gwiwarsa ko a miƙe take.