Ki Gaya Mata Na Ji

Ni'imatullahi ɗiyar fari ce wurin ƙanena Tamba, mai injin niƙa a Argungu. Kun san kunyar ɗan fari: bai kiran sunanta, in ta gaishe shi sai ya kau da kai. Haka ta girma. Ta ce "Baba, ina kwana", shiru. Mu kuwa yaba shi muke, wai namiji mai alkunya. Kai, mun sha wauta!

Ba a daɗe da ba mu jihar Kabi ba ta tafi Birnin Kabi koyon aikin duba kunne. Da ta zo hutu sai ta taho da wani ɗan ƙarfe mai reshe biyu, in an buga shi yana tsuwa kamar sauro. Ta bi masu injin garin nan tana kara musu shi a kunne, wai bincike take don gasar da ɗalibai za su yi gaban malamansu. Kowa ya yarda, ban da ubanta. Ina ita ina taɓa kunnensa?

Ranar nan ta same ni tana hawaye. "Gwaggo, jiya kwano ya faɗi bayansa, ko motsi bai yi ba. Ba kunya ce kaɗai ba. Baba ba ya ji. Ina tsoron ya tsufa bai taɓa jin maganata ba."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na same shi bakin injin, na kashe injin da hannuna, na kwatsa masa a kunne: "Tamba, in kana kunyarta, ni ba ka kunyata! Zauna!" Ita ta tsaya bayan zana tana faɗa min inda zan ɗora ƙarfen, ni ina gwadawa. Kunnen hagu ya tafi, na dama da saura. Malaminta ya taimaka anka samo masa 'yar na'urar sa wa a kunne. Da ƙyar ya sa, yana ta ƙunƙuni.

Ranar gasa na ja shi har Birnin Kabi, munka zauna gaba. Yarinyar nan ta miƙe ba gargada, ta yi bayanin yadda ƙarar inji ke cin kunne sannu a hankali, da yadda a gidajenmu ake ɗaukar shirun mutum kunya ce har ciwo ya yi nisa. Na biyu ta zo. Yanzu ita ke duba kunnen rabin garin nan, masu inji kuma sun koyi toshe kunne da auduga.

Da munka fito ta durƙusa gefensa, murya ƙasa ƙasa. "Baba, na gode da ka zo."

Ya kau da kai kamar kullum. Sai ya taɓo ni, idonsa jawur.

"Yaya, ki gaya mata na ji. Tun daga bisimilla har ƙarshe, duk na ji."