Yadda Zafin Rana Ya Tsayar Mini da Ƙoda

Assalamu alaikum. Na daɗe ban ce komai a nan ba. Masu tambaya ko wayata ce ta lalace, wayar lafiyarta ƙalau. Ni ne na kwanta.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Habibu, manomi ne ni a wani ƙauye kusa da Ɗanbatta. Da rani nakan bi magina zuwa unguwar Bacirawa, a bakin birni, in buga bulo. Can gari yake ta miƙewa, gida bayan gida. Filin da muka yi aiki bana gona ce a da, har da ɗorawa da tsamiya. Duk an sare. Ba inuwa sai ta jikin katanga, ita ma rana na ɗagawa ta gudu.

Zafin bana kowa ya ɗanɗana. Iska ma in ta taso, kamar daga bakin murhu take. Ruwan leda ya yi tsada, sai mutum ya ɗan kurɓa ya ce ya isa.

Da ciwon kai ya fara. Sai ƙafafuna suka riƙa ɗaurewa. Fitsarina ya koma kamar ruwan shayi, daga baya ya ragu sosai. Na shiga kemis na sayi maganin ciwon jiki, irin wanda duk leburori ke sha, na ci gaba da aiki.

Ranar da na faɗi, abin da na tuna shi ne na daina gumi. Rana tana dukana, jikina a bushe ƙamas. Na ɗaga shebur, sai na ga ƙasa ta taso mini.

Abokan aikina suka kwarara mini ruwa, suka saka ni a adaidaita zuwa wani ƙaramin asibiti. Aka yi mini ƙarin ruwa, ba fitsari. Suka ce a wuce da ni babban asibiti cikin gari. Can yayana Malam Sani ya same ni, tare da matata Hauwa.

Gwajin jini, gwajin fitsari, hoto, wani gwajin jinin kuma. Ƙafafuna suka kumbura, ina ta amai. Sannan likita ta zo, wata mace mai magana a hankali, ta tsaya a gefen gadona.

“Malam Habibu, ƙodarka ta tsaya. Ban ce ta mutu ba. Amma sai an yi maka wanki.”

A ƙauyenmu, duk wanda aka ce ana masa wankin ƙoda, addu'a kawai ake bin sa da ita. Na kalli Hauwa, ta kawar da kai.

Wanki ba kyauta ba ne. Malam Sani ya kai ragowar wakenmu kasuwar Dawanau ya sayar, bai isa ba. Sai ya kai ɗaya daga shanun huɗarmu kasuwa. Bai gaya mini ba sai daga baya, ya san da ba zan yarda ba.

Kwanciyar ce ta fi damuna. Ni ban iya zama wuri ɗaya ba. Ga bututu a wuyana, ga na'ura tana jan jinina tana mayarwa, an ce kada in motsa. In aka ɗauke wuta fanka ta tsaya, ɗakin ya koma tanda, Hauwa ta yi ta mini fifita da kwali har hannunta ya sage. In juya dama, in juya hagu. Ni da ƙishirwa ta kayar, aka ce kada in sha ruwa sai da awo.

Ina nan kwance ruwan farko ya sauka. Ƙamshin ƙasa ya shigo ta taga. Na tashi zaune ina laluben takalmina, na ce a sallame ni, shuka zan je. Malam Sani ya yi rarrashi, na ƙi ji. Sai ya kira Inna, mahaifiyarmu, ya kanga mini wayar a kunne.

Ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, “Habibu, gero in bai fito ba, ana sake shuka wani. Kai fa, ina zan samo wani?”

Na koma na kwanta. Ashe a satin nan maƙwabta suka yi mini gayya, suka shuke gonar tas.

Wata safiya ma'aikaciyar jinya ta ɗaga robar da ake auna mini fitsari, ta kalle ta, ta yi murmushi. Ya ƙaru. Washegari ya ƙara ƙaruwa. Ban taɓa zaton zan yi kukan murna a kan fitsari ba, amma na yi, Hauwa ma ta taya ni. Da sakamakon jini ya fito, likitar ta ce ƙodar ta farka, a cire bututun.

Yanzu ina gida. Ƙarfina bai gama dawowa ba, ina komawa asibiti ana duba ni. Da sassafe nake leƙa gona, kafin rana ta yi zafi na dawo. Har yanzu in na ji kaina ya sara, gabana sai ya faɗi.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitoci da ma'aikatan jinya, da abokan aikina da ba su tsaya kallo ba, da mutanen ƙauyenmu. Malam Sani, Hauwa, Inna, Allah Ya biya ku.

'Yan'uwana masu aikin rana, ku sha ruwa tun kafin ƙishirwa ta zo. Ku riƙa duba fitsarinku. In ya yi duhu ko ya ragu, asibiti za ku nufa, ba kemis ba. In kun ga mutum a rana ya daina gumi, yana magana ba kai, ku kai shi inuwa, ku jiƙa masa jiki, ku garzaya da shi.

Ku kuma masu ba da aikin gini, don Allah ku kafa wa leburori rumfa, ko ta buhu ce, ku ajiye musu randa. Wanda ke buga muku bulon nan, akwai uwar da ke jiran ya dawo.