Ranar da Aka Kai Kaka Kan Tudu

Kakata Dije ba ta fara tatsuniya sai wutar karan gero ta kama sosai. Bayan sallar isha'i muke kewaye murhunta a ƙauyenmu na gabas da Damagaram, tana juya gyaɗa cikin toka da tsinke. Ni take fara tsokana. "Maigida, kai da ko cefane ba ka yi, kai ne a gaban wuta?" Daga nan sai ta gyara zama ta ce, "Ga wata ta taso, wa zai ba ta wuri?" Mu ce, "Ta zauna nan!"

Wadda ta fi maimaita mana ita ce ta wani Tanko da ya tafi neman arziki bayan hamada. Raƙumi ne ke kai wa uwarsa gaisuwa, amma sai an cika masa ciki da harawa. Ran nan Iska ta ce ita za ta riƙa kaiwa kyauta, sai Tanko ya sallami Raƙumi. Iska kuwa ba ta da lokaci. Barka da biki sai ta isa ranar suna, mu yi ta dariya har gyaɗa ta shaƙe mu. Da uwar ta kwanta ciwo, Iska ta hau kan dutse ta yi barcinta. Na taɓa tambaya me ya hana Tanko komawa wurin Raƙumi. Kaka ta ce, "Yana ina? Wanda aka daina kira ai ba ya tsayawa jira."

Na girma, na bi ayarin masu zuwa Libiya ba tare da na sallame ta ba, domin na san za ta hana. Tun daga nan ta ƙi karɓar wayata. Ƙanwata Hadiza ce ke ba ni labarinta. Shekara shida ina ɗaukar bulo a Sabha da wannan abu a ƙirjina.

Farkon zuwana akwai wani shago a unguwar Mahadiya inda muke kiran gida. Da tsada, ana magana ana kallon agogo, amma kiran yakan shiga har tsakar gidanmu. Sai kiran data ya zo. Ba zan yi butulci ba, ya yi mana rana. Mutum ya yi hira har bakinsa ya gaji, ya ga fuskar ɗansa da aka haifa ba ya nan. Mu da ba mu da takardun sayen layi, mu bakwai muka haɗu muka sa akwatin intanet a ɗaki. Kowa ya daina zuwa shagon, mai shi ya koma sayar da taya. Abin da ban lissafa ba shi ne akwatin yana mutuwa da zarar an ɗauke wuta, kuma a ƙauyenmu data ba ta kamawa sai a kan wani tudu can bayan gonaki.

Wata Laraba Hadiza ta hau tudun ta kira ni. "Yaya, Kaka ta daina cin abinci. Tun jiya sunanka take kira."

Na zama kamar zararre. Na roƙi Balaraben da nake wa aiki ya ara mini wayarsa, ya kira sau uku bai shiga ba. Na zaga Mahadiya ina tambayar inda ake kiran waje, kowa ya ce, "Ba ka da data ne?" Ina da ita mana! Kaka ce ba ta iya tashi, balle hawan tudu. A bakin titi na zauna na yi kuka, ƙato da ni, domin na san in ta tafi ba ta yafe mini ba, ban san inda zan kai kaina ba.

Kaka da kanta ta ce a kai ta kan tudun. Ranar Juma'a da hantsi suka shimfiɗa katifa a amalanken shanu suka haura da ita. Hadiza ta kira ni, sai muryar Kaka ta fito.

"Maigida, kana lafiya?"

Kiran data yana da jinkiri, maganarka sai ta yi ɗan yawo kafin ta isa. Na amsa, ba ta ji ba, ta sake tambaya, amsata ta faɗa kan tata. Na yi shiru don in ba ta girma, ita ma ta yi shiru tana jirana. Mutanen da ba su iya shiga magana sai sun gama gaisuwa, haka muka ɓarnatar da lokacin muna ta "ina gajiya". Da kyar na ce, "Kaka, don Allah ki yafe mini." Na ji ta ja numfashi. Fankar ɗakin ta tsaya, fitilar akwatin ta mutu.

Ba a dawo da wuta ba sai la'asar. Ranar Lahadi ta rasu.

Da ina yaro dariyar wautar Tanko nake yi. Yanzu na san talauci ne ya sa shi, kuma har gobe da data nake kira, ba ni da wata hanya. Bayan sadakar bakwai na daure na tambayi Hadiza ko Kaka ta ji roƙona.

"Ta ji. Ta ce ta yafe duniya da lahira. Sannan ta yi ta yi maka magana, ta ce ka riƙa cin abinci, ka dawo ka yi aure, har tana dariya. Mun ga kiran ya katse, Yaya, amma ba wanda ya iya gaya mata. Da ta gama ta miƙo mini wayar ta ce, 'Yaron nan ya yi hankali, ko sau ɗaya bai katse ni ba.'"