Karen Kawu da Farar Rigar Liman

Jiya a Ƙofar Kibo na ga wani matashi yana zabga wa karensa sanda saboda ya yi tsalle ya dafa shi, sai marigayi kawuna ya faɗo mini a rai. Mafarauci ne, amma bai taɓa ɗaga wa kare hannu ba. Idan kare ya dafa shi, sai ya juya baya, ya harɗe hannuwa, ya yi shiru. Sai ƙafafu huɗun nan sun sauka ƙasa sannan zai ciro kilishi daga aljihunsa mai ƙamshin yaji.

Wata Juma'a sabon karensa ya dafa farar rigar limamin unguwarmu, ya ɓata ta da taɓo. Dattawa suka ce lallai a fitar da shi daga Kwarbai.

"Ku ba ni mako uku," in ji Kawu. "Idan ya nufo ku, ku juya masa baya kawai."

Aka yi dariya, amma aka bi. Da idona na ga masu furfura suna juya wa kare ƙeya a bakin zaure.

Ranar alkawari Liman ya iso cikin riga fara sol. Karen ya sheƙo a guje, gabana ya faɗi. Saura taku biyu ya tsaya cak, ya zauna yana kaɗa wutsiya.

Liman ya murmusa, ya ce, "Ko in turo maka jikokina ne?"

"Allah gafarta Malam, a haɗo su da kilishi."

A gidanmu karen nan ya tsufa. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya sa tausayin da ya yi wa dabba ya haskaka kabarinsa.