Ba Caca Hamajoda Yake Yi Ba

Dijatu, ajiye wankin nan, don girman Allah ajiye, ki zo ki zauna yanzu. Kira mini maigidanki Malam Sali ya tsaya a bakin ƙofa, shi ma ya ji, ya zama shaida. Ɗauko biro da takarda. Motar Tinyer bayan azahar take tashi, in ta tafi babu takardar nan, da wannan ruwan da ya ɓata hanya sai wani mako, ni kuwa ban san ko ina da wani makon ba. Abin da na faɗa shi za ki rubuta, kada ki gyara mini baki.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Rubuta cewa Hamajoda ɗan Bakari, wanda mutanen tasha ke kira Shef, mai duba tikiti a jirgin ƙasa daga nan Ngaundare zuwa Yawunde har ciwo ya zaunar da shi, Allah ya karɓi abinsa ranar Talata, tara ga Sha'aban, da hantsi, a kan kujerarsa ƙarƙashin mangwaron bayan gidansa a unguwar Tongo. Ni ce Goggo Astajam mai suyar makala, wato fanke, ta ɗakin bakin zaure. Ni ke faɗa, Dijatu ke rubutawa, don ni ko baƙi ɗaya ban sani ba.

Hamajoda, da kai nake. Ka tafi, ga abin da ka bari a baya. Mazan da suka zo ɗaukarka sun sami wata 'yar na'ura mai kama da waya a cinyarka, fuskarta cike da karta. Kafin a dawo daga maƙabarta gari ya ɗauka wai Shef ya mutu yana caca. Wasu ma sun ƙara gishiri, wai duba kake yi da ita. Maganar ta hau mota ta je Tinyer, ta shiga kunnen Dada, mahaifiyarka. Matan da suka je mata gaisuwa sun ce da aka roƙe ta ta ce ta yafe maka, sai ta juya fuska bango. Har yau ba ta furta ba. Ƙanenka Yawuba kunya ta kama shi, ya ƙwace na'urar ya kulle a akwati, ya ce duk wanda ya sake ta da zancen a gidan nan ya tattara kayansa. Ni ba ni da inda zan kai nawa kayan. Tsoronsa nake ji, wallahi ina ji. Amma tsoron in kwanta a kabarina da shaidarka a bakina ya fi.

Ka sa na yi maka alkawari ba zan faɗa wa kowa ba. Ka yafe mini, ɗana, yau zan karya shi.

Bari in fara da yadda na san ka, don Dada ta san wace ce mai maganar. Shekarar da mijina ya rasu a Belabo, danginsa suka raba kaya suka manta da ni, na shiga jirgi da ƙullin tsummana ba tikiti, ban ma san inda za ni ba. Ka zo da hularka da ɗan abin huda takarda, ka ce, "Goggo, tikiti." Na ce, "Ɗana, Allah ne tikitina." Ka dube ni, ka ce, "To, Shi ma sai an huda masa." Ka zaro kuɗi a aljihunka ka yankar mini, ka huda, ka miƙo. Da muka sauka ka ga ina tsaye ina kallon gabas da yamma, ka ɗauki ƙullina ka ce in biyo ka. Marigayiya matarka Mairamu ta share mini ɗakin nan, kai ka sayo mini kasko da buhun fulawa na farko. Tun ranar ba ka taɓa tambayata yaushe zan tafi ba. Abin da kake tambaya kullum ɗaya ne, wai me ya sa makalata ke ƙanƙancewa farashinta na girma.

Ba ni kaɗai ba ce. Ɗaliban da ka ɓoye wa kunya a jirgi, da matar da naƙuda ta kama a hanya ka ba ta ɗakinka na ma'aikata ka yi tafiyar a tsaye, su ma da bakinsu. Amma ba wannan ya sa na kira Dijatu ba.

Ciwon nan na shanyewar ɓarin jiki da ya buge ka, kowa ya ga ƙafarka tana ja. Abin da ba kowa ya sani ba, hannunka na dama ya mutu murus. Kana sa shi a aljihun riga, in an miƙo maka hannu ka dafa ƙirji da na hagu ka ce mura kake yi. Ka daina cin abinci da maza a zaure. Suka ce girman kai ne na tsohon ma'aikaci. Ni da ke kai maka kwano na san dalili. Ranar farko na same ka ka zuba wa tuwon masara ido, miyar yakuwa ta huce, hawaye na bin gemunka. Ka ce, "Goggo, ni Hamajoda, da hannun tsarki zan ci tuwo?" Na ce lalura ce, Allah ya sani. Ka ce, "Allah ya sani, amma Dada ba za ta gani ba."

Rubuta wannan da kyau, Dijatu. Abin da ya hana shi zuwa Tinyer ke nan duk tsawon lokacin nan. Shi ne ɗan Dada na fari, ko sunansa ba ta faɗa, sai dai ta ce mutumin jirgi. Ya ce mace irin Dada ba za ta yi kuka a gabansa ba, a cikinta za ta haɗiye kukan, shi kuwa ya kashe ta. Ya hana kowa gaya mata girman ciwon. Sai dai ya aika shayi da sukari da turmin zane, a ce mata aiki ya riƙe shi. Ita tana can tana ganin ɗa ya manta uwa.

Na'urar kuwa, ɗanka Bobbo ne ya aiko maka daga Duwala, wai ka riƙa ajiye sunayen mutane da lambobinsu a ciki. Ba ta fi tafin hannu ba, da ɗan tsinkenta na roba da ake taɓa fuskarta da shi. Ka jefa ta a aljihu, ka ce sunayen da kake bukata suna kanka. Ranar da na raka ka asibiti, likitar ƙashi, wata doguwar mata da aka mayar kudu daga baya, ta gan ta. Ta karɓa ta latsa, sai ga karta sun jeru. Ta ce wannan wasa ne na mutum ɗaya, ba abokin karawa, ba a sa ko dala. Ta ce ka riƙe tsinken da hannun da ya mutu, ka riƙa jan karta daga nan zuwa can kowace safiya, yatsun za su tuna aikinsu. Ka ɓata rai, ka ce kai ko a tasha ba ka taɓa zama inda ake karta ba. Ta ce, "Baba, ba wasa na ba ka ba, magani na rubuta." Da kunnena na ji. Ta ce da Faransanci sunansa haƙuri. Ka yi dariya, dariyarka ta farko tun da ka kwanta, ka ce ashe Nasara ma sun san munyal, haƙurin Fulani. Shi ke nan sunan ya bi shi, in ka gama karin safe sai ka ce, "Goggo, kawo Munyal."

Yatsun ba sa iya riƙe tsinken. Ni ce nake ɗaura maka shi a ɗan ali da ƙyallen da na yaga daga tsohon ɗankwalina. In na ɗaure da ƙarfi ka ce, "Akuya kike ɗaurewa?" In na sassauta ka ce, "Wannan ɗaurin ko auren zamani ya fi shi ƙarko." A bayan gida kake zama, inda ba mai gani, don ka san bakin mutane.

Da farko karta ɗaya sai ka yi gumi kafin ta matsa. Ka ja, ta suɓuce ta koma inda take. Ka ce, "Kin ga 'yar banza? Kamar fasinjan da ba shi da tikiti." Na ce ka kiyaye bakinka, wasu marasa tikitin su ke ɗaura maka tsinke. Ina gefe ina kwaɓa ƙullu, har na gane yadda abin yake: ja a kan baƙi, baƙi a kan ja, ƙarami a ƙarƙashin babba, sarki kaɗai ke shiga gidan da ba kowa. Wani lokaci idona ya riga naka, in ce ga jan can, ɗora shi. Ka ce, "Wasan mutum ɗaya ne, Goggo, ki tsaya a kaskonki." Can kuma in hanya ta toshe maka, ka ce a hankali, "Wane jan kika ce?"

Sau da yawa wasan ba ya fita. Na tambaye ka ko ba ka jin haushi. Ka ce ba cin wasan kake nema ba, ko ya fita ko bai fita ba yatsa ya yi tafiyarsa. Amma ranar da ya fara fita, karta suka riƙa tsalle suna zubowa kamar fara, ka ƙwala mini kira har na zaci faɗuwa ka yi, na bar mai a wuta makala ta ƙone. Ka sa na kawo ƙonannun, ka ce su ne tukuicinka.

In an kira salla kuwa, ko karta ɗaya ta rage, cewa kake in kwance maka. Ban taɓa ganin ka ce bari in ƙarasa ba. Malam Sali, kai da ke jan mu salla wani lokaci, ka taɓa ganin sahu babu Shef, da jan ƙafarsa? To, ka ji.

Sannu a hankali hannun ya fara farkawa. Babban yatsa ya fara, sai na kusa da shi. Ka fara jan carbi da dama. Ka fara shafar kai da hannu biyu a alwala. Ranar Juma'ar ƙarshe kafin rasuwarka na kai maka tuwo na juya zan fita, ka ce in tsaya. Ka wanke hannun dama, ka yi bisimilla, ka yanko loma. Rabinta ta zube a riga, rabi ta isa baki. Ka tauna kana kallona kamar yaron da ya fara tafiya. Ka ce, "Goggo, ƙaramar Sallar nan a Tinyer zan yi ta. Zan durƙusa gaban Dada, ta miƙo mini ƙwaryar nono, in karɓa da dama, ba za ta taɓa sanin an yi wani abu ba." Ka sa na je kasuwa na zaɓo mata zane, shuɗi mai ganye, yana nan ƙarƙashin katifarka ko ɗinki ba a yi ba.

Ranar Talata na ce ka huta, idonka ya yi ja. Ka ce azumi ya kusa, sauran ƙaramin yatsa bai gama ji ba. Na ɗaura maka, na koma kaskona. Da na ji shiru ya yi yawa, ba tsaki ba zagin karta, na leƙa. Kanka ya jingina da mangwaro. Na riƙe ka ina kiran sunan Allah, leɓenka na motsi, na sa kunne, kalmar shahada ce. Na ji ta, ba a ba ni labari ba. Daga nan ihu na yi, mata suka janye ni ciki, maza suka shigo suka ga abin da suka gani. Ƙyallen da suka kwance a yatsanka suna tambayar ko laya ce, ɗankwalina ne.

Wannan ita ce cacar Hamajoda. Bai ci kuɗin kowa ba, ba a ci nasa ba. Hannunsa yake nema ya kai wa uwarsa.

Allah ya jiƙanka, Shef. Allah ya yafe maka abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, ya yalwata kabarinka, ya haskaka shi. Ciwon da ka sha a ɓoye Allah ya sa ya zama kaffara. Yadda ka ba baƙuwa ɗaki ba ka tambayi asalinta ba, Allah ya ba ka gida a Aljanna. Ya haɗa ka da Mairamu. Ya ba ka littafinka a hannun dama.

Bobbo da Ummul, Allah ya ba ku haƙurin rashin uba. Bobbo, kada ka zargi kanka don abin da ka aiko, alheri ka aiko. Yawuba, na san kunyar ɗan'uwanka ce ta sa ka faɗi abin da ka faɗa, ba mugunta ba. In ka ji wannan ka ga har yanzu in tafi, zan ɗaure ƙullina, ba zan yi maka Allah ya isa ba. Abokan aikinsa na tasha da jama'ar Tongo, Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya, wanda ya faɗi abin da bai gani ba ya nemi gafara.

Kin gama, Dijatu? Kawo takardar in dangwala yatsana. Malam Sali, kai za ka hau motar nan da kanka, ka tafi da zanen. Kada ka tsaya wurin liman, kada ka karanta wa Yawuba, kada ka buga wa yaran waya tukuna. Dada za a fara gaya wa. Ka sallami matan da ke ɗakin, don a gaban mutane ba za ta iya buɗe baki a kan ɗan fari ba. Ka zauna ta gefen hagunta, kunnen dama ba ya ji, ka juya mata takardar da Fulatanci a hankali. In ka gama kada ka tambaye ta komai. Ka fita ka tsaya a bayan ƙofa, ka jira.