Na Je Masama Tonon Kakan Nasiru

Kalgo, Asabar

Ana sallame sallar asuba na rataya jakata na fito. Yayana Alhaji Bala, dillalin shinkafa a Kalgo, shi ya aike ni. Wani yaro Nasiru, ɗan Masama ta ƙasar Gwandu, yana neman auren Hadiza 'yar Yaya, sai a je a binciko asalinsa. Yaron ya yi karatun injiniya, yana haɗa wa manoma famfon ban-ruwa mai aiki da hasken rana, kuma kowa a garinmu ya shaidi halinsa. Amma Yaya ba hali yake nema ba. Kakan yake so a tono, mutumin da ya daɗe da zama ƙasa.

Ni aka zaɓa don ni ne malamin ilimin zamantakewa a gidan. Shekara da shekaru ina gaya wa ɗalibai cewa matsayi iri biyu ne, wanda mutum ya tarar an ajiye masa tun ranar suna, da wanda ya samo da guminsa, kuma duka 'yan Adam ne suka tsara abinsu. Sau ɗaya na yi wa Yaya wannan bayani. Ya ce, "Madalla. Tunda ka san kan abin, kai za ka tahi."

A zaure na tarar da Hadiza tsaye, ba ta ko tafi aikinta na asibiti ba. Ta ce, "Baffa, don Allah, in ka iske wani abu, ka baro shi can." Na ce Allah ya zaɓa mafi alheri. Amma na san Yaya, in ya ce a'a ko liman ba ya juya shi.

Birnin Kebbi

Hantsi bai yi ba muka shiga tasha, na nemi motar Gwandu. Duk malamin da ke son koyar da tsarin al'umma ya bar allo ya kawo ɗalibansa nan. Kujerar gaba an ajiye wa wani mai babbar riga da bai ma iso ba. Tsakiya ta masu takalmi sau-ciki ce. Can baya mata da buhunan taki da akuya ɗaya, ita kaɗai ce ta nuna rashin amincewa. Ni tabarau ya cece ni, aka sa ni tsakiya.

Na tambayi direba yaushe za mu tashi. Ya ce, "Malam, motar ga ba ta san agogo ba. In ta cika mu tahi." Sai da rana ta take sannan ta cika.

A shingen hanya aka tsayar da mu, aka lalube buhunan talakawa ɗaya bayan ɗaya. Muna tsaye wata baƙar mota mai duhun gilashi ta wuce, aka ƙame mata, ba wanda ya san ko mutum ne a ciki ko barasa. Mai babbar rigarmu ma ba a taɓa jakarsa ba, har sannu da hanya aka yi masa.

Gwandu

Na sauka gidan Malam Usmanu, abokin karatuna, ɗan gidan malamai tun kaka da kakanni. A zaurensa akwai darduma, akwai tabarma, akwai ƙasa, kuma ba a taɓa gaya wa kowa inda zai zauna ba, kowa ƙafarsa ke kai shi. Aka kawo tuwon shinkafa miyar kuka, da fura mai nonon da ba a yi wa ruwa ba. Muka ci muka yi hamdala, sannan na buɗe masa cikina.

Ya ce, "Gidan Alhaji Mamman, uban Nasiru? Mutanen kirki na. Su sun ka haƙa rijiyar unguwa, su sun ka yi ma masallaci ruhin kwano. Ba ka jin ɗiyansu ga rigima." Ya dubi ƙofa. "Amma."

"Amma me?"

Ya matso ya rage murya kamar mai sanar da annoba. "Maƙera na."

Na tambaye shi ko ba sahu ɗaya suke sallah da su ba. Ya ce, "Sahu ɗaya mana, kahwaɗa da kahwaɗa. Amma aure ba salla ba na." Yana faɗa yana yanka mini nama da wuƙar da ba na tsammanin malamai suka ƙera ta. Na kwana a gidansa, raina a ɓace.

Masama, Lahadi

Da safe na hau kabu-kabu. Hanya ce ta yashi tsakanin gonaki, ana ta sharar gona don damina ta matso. Ɗan kabu-kabun ya kai ni har ƙofar gidan. Gidan siminti ne tsaf, maƙera tana gefensa, ƙanen Alhaji Mamman yana dukan ƙarfe. Abin da ya ba ni dariya, masu asalin nan ne tsugune a layi, kowa riƙe da karyayyar garma yana cewa, "Sarkin Ƙira, a taimaka." Ashe asali ba ya huɗa.

Ban faɗi ko ni wane ne ba. Na sayi lauje, aka ba ni ruwa mai sanyi da wurin zama a inuwa. A hanyar dawowa na tambayi ɗan kabu-kabun ko maƙera suna jin zafin yadda ake ƙin aurensu. Ya ce, "Su ma ai ba su ba mahauta ɗiya." Wato tsanin nan ba ya da matakin ƙarshe. Duk wanda aka taka, sai ya leƙa ƙasa ya samu kan da zai ɗora ƙafa.

Birnin Kebbi kuma

Da la'asar na dawo tasha da "amma" ɗina a aljihu, ina tunanin fuskar Hadiza. Na sayi soyayyen kifi na zauna a benci. Kusa da ni wani tsoho ne mai farin gemu yana jiran motar Gwandu. Na miƙa masa kifin, ya sa hannu, hira ta ɓarke. Ya ce daga Kalgo yake dawowa za shi gida Masama, an aike shi binciken wani gida da ɗan ɗan'uwansa ke neman aure.

Na ce, "Wane gida?"

"Na wani Alhaji Bala mai shinkahwa. Ɗiyar ba ta da aibi, wallahi. Amma." Shi ma ya dubi hagu da dama. "Kakanta masunci na. An nuna min har inda yaka shanya taru. Mu kuwa ba mu saba da ƙarni ba." Ya tsotse ƙaya ya yar.

Gaskiya ya faɗa. Ubanmu a cikin kwalekwale ya tsufa, da kuɗin kifi aka yi mini karatu. Tun da Yaya ya dawo daga Makka ne muka koma jikokin malamai, ba tare da an shawarci kowa ba. Na tambayi tsohon ko ya sanar da su ta waya. Ya ce haba, irin wannan magana sai baki da baki. Na leƙa motarsa, mutum uku ne a ciki da kaji. Na yi masa sallama na nufi motar Kalgo da sauri.

Gida

Kafin magariba na iso. Yaya yana kan darduma, Hadiza tana bayan labule, ina ganin yatsun ƙafarta. Ban ɓoye komai ba. Na ce maƙera ne.

Yaya ya kaɗa carbi. "Shi ke nan. A ba yaro haƙuri."

Labule ya motsa. Na ce, "Ba sai mun wahala ba, Yaya. Su ma sun aiko. An nuna wa ɗan aikensu inda Baba yake shanya taru, kuma ya ce ba su saba da ƙarni ba. Ina jin su za su riga mu."

Carbin ya tsaya. "Maƙera? Su ƙi ɗiyata? A ji cikin Kalgo maƙera sun ka ƙi mu?" Ya miƙe zaune. "Tsohon ya isa?"

"Na baro motarsa ba ta cika ba."

"Miƙo min waya."

A gabana ya kira Alhaji Mamman, murya kamar zuma. Ya ce bincike ya kammala, ba a samu komai ba sai alheri, ai ƙira sana'ar Annabi Dawuda ce, ya ba Nasiru Hadiza duniya da lahira, a turo manya a sa rana. Wane dattijo ne za a ba ɗansa mata ya ce a dakata? Ta cikin wayar muka ji ana guɗa a Masama, ta bayan labule kuma muka ji kuka, irin wanda ba ya bukatar rarrashi.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Malam Usmanu da tuwonsa. Abin da na yi shekaru ina koyarwa bai motsa Yaya ko taku ɗaya ba, tsoron a riga shi raini ne ya ɗaura auren nan. Babbar godiyata kuwa ga direban motar Gwandu take, Allah ya ƙara masa haƙurin jiran fasinja.