Yadda Sunan Ɗan Farina Ya Shiga Kaset

Duk matar da ta ce mini, "Ke kam kin huta, kullum kina cikin dariya," sai in ji kamar in ɗauko ta in ajiye ta a ɗakina ta ɗan kwana biyu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mijina ɗan kama ne, irin masu naɗa rawani su tsaya tsakiyar kasuwa suna wa'azin tuwo da miya, suna kwaikwayon mutane, jama'a na riƙe ciki. Rawanin ma tsohon labulen ɗakina ne. Amma da ya sako ƙafa cikin gida, to an rufe shago. Dariyar duk ta ƙare a waje. Murya a dushe, fuska a murtuke, ko sannu aka yi masa da hannu yake amsawa, ya zauna bakin murhu yana jiran in dafa masa ruwan citta da kanumfari.

A Jega muke zaune, a Sabon Gari, a shekarun da aka yanke mana jiharmu daga Sakkwato, kowa na cewa arziki ya zo. Mu dai arzikin da ya iso gidanmu albasa ce. In kakarta ta yi sai ya bi manyan motoci zuwa Aliero, manoma su sha dariya su cika masa buhu, har kayan sawarmu warinta suke yi. Mahautan Jega kuwa su sallame shi da ƙashi da kayan ciki. In damina ta sauka kowa ya nufi gona, babu mai lokacin dariya, sai ya yini kwance a zaure yana motsa baki shi kaɗai, yana neman sabon abin faɗi. Ya taɓa dawowa daga Maiyama da kumburarren ido, don ya kwaikwayi tafiyar wani mai awo, bai san 'yan'uwan mutumin na tsaye a wurin ba.

Duk wannan na iya ɗauka. Abin da ya ishe ni shi ne, mutumin nan da ba ya magana a gida, kunnensa ba ya hutawa. In na yi faɗa da akuya yau, jibi faɗan yana kasuwa. In na ja ciniki da mai tallar daddawa, shi ma haka, har da tsakin da nake yi. Mata su shigo su ce, "Jiya an ji ki bakin rumhwar mahauta," alhali ko ƙofar gida ban taka ba. In na yi masa magana sai ya buɗe hannuwa ya ce, "To wai ni na hwaɗi sunanki? Mata nawa ag garin ga?" Sai ka ce akwai wata mai ce wa akuya "mai idon ɓarawon zane" in ba ni ba.

A lokacin ɗanmu na fari ya fara wayo, yana gudu yana surutu. A wajenmu ɗan fari ba a nuna shi. Uwa ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa wasa gaban mutane, in ya faɗi ya fasa baki sai ta kau da kai wata ta ɗauke shi. In an yaye shi kuma, na kaka ne. Innata tana Mungadi, mace ce da ake ba da misali da kararta, an ce yayanmu ya taɓa yin ciwo kamar ba zai tashi ba, ba wanda ya ga hawayenta. Da aka kai mata yaron yaye kowa ya san ya tafi ke nan, ni ma na sallama. Amma da ya manta da nono sai ga ta ta dawo da shi da kanta. Ta ce, "Na bar maki shi, don na ga kina da kunya. Randa nij ji kin saki, in zo in ɗauki abina kahin ki lalata shi." Ko godiya ban yi ba, don godiyar ma rashin kunya ce, na dai sunkuyar da kai.

Na kuwa riƙe. "Wancan" nake ce masa. Ya taɓa taka garwashi a tsakar gida, yana ihu, maƙwabciyata ta sure shi, ni na ci gaba da tankaɗe. Lokacina ɗaya ne, in rana ta take, matan gidan sun shige ɗakuna, maigidan yana kasuwa. Sai in ja shi bayan ƙofa in ɗora shi a cinya, in kira sunansa son raina, in shinshina kansa. Har ɗan wasa muka ƙaga. In kira sunan in ce, "Wa ya fi ka?" ya ce, "Babu!" In ce, "Ko ubanka?" ya ce, "Ko shi!" Shirme ne, na sani, amma namu ne mu biyu, kuma ina son yaron nan son da ban san inda zan sa shi ba.

Ana nan sai ga wasu samari sun mai da zaurenmu gidansu. Wando kamar buhu, hula a karkace, suna zuba magana da gudu a kan kiɗan kaset, su ba waƙa ba, su ba faɗa ba. Sunan da suke kiran abin bakina bai taɓa iya shi ba, ni gambarar zamani nake cewa. An kore su da ita a ko'ina. Ɗaya ɗan mahauci ne, ubansa ya ce ko wuƙa ko ƙofa, ɗaya yaron mota ne, ɗaya kuma ɗan malami da ke zuwa a ɓoye yana waige-waige. Ba su da komai sai rediyo mai cin kaset biyu da tsohon batirin mota, sai cikin da ba ya ƙoshi. Tukunyata ce shaida. Mijina ya tausaya musu, don ya san zafin a ce maka sana'arka ba sana'a ba ce. Su kuma suka saka masa da gaskiya mai ɗaci, suka ce wa'azin tuwo ya tsufa, kasuwa ta haddace shi, ya kawo sabon abu su ɗora masa kiɗa a ɗauka a kaset. Ba ƙarya suka yi ba. A kwanakin nan yakan tsaya ya yi ta yi mutane na wucewa, yara har riga shi ƙarasa maganar suke yi. Na ga yadda abin ke cinsa, har ya rame.

Ranar da abin ya faru ban san ya dawo ba. Muryar ce ta ƙi, ya baro kasuwa da wuri, ya zagayo ya kwanta a inuwar bayan ɗakina, jikin taga. Ni kuwa ina ciki da yaron, ana ta "wa ya fi ka". Mutumin kirki da ya yi gyaran murya. Shi ko numfashi sai da ya sassauta. Da yamma na gan shi yana murmushi shi kaɗai, ya ci tuwo har ya nemi ƙari, na ce a raina Allah ya sa lafiya.

Ba a daɗe ba, ina shara da safe, sai na ji 'yan mata masu talla sun wuce ta bayan katanga suna rerawa. Ɗaya ta kira sunan ɗana ta ce wa ya fi ka, sauran suka amsa babu. Tsintsiyar ta faɗi daga hannuna. Maƙwabciyata ce ta ba ni sauran labarin, tana ƙoƙarin danne dariya. Wai mijina ne yakan yafa zane ya zama mace, ta wuce ɗanta a taro tana ɗaure fuska kamar ta ga ɗan maƙiyinta, sannan ta shiga ɗaki, ta leƙa hagu ta leƙa dama, ta tura ƙofa, ta narke. Har shinshina kan bai bari ba. Samarin kuwa suka mai da sunan amshi, suna maimaita shi a kan kiɗa. An ɗauka a kaset, kaset ya shiga tasha, yanzu duk motar da za ta Aliero ko Maiyama da shi take tashi. Sunan da ban taɓa furtawa gaban mutum ba, ga shi a bakin masu lodi.

Na tare shi tun bai cire rawanin ba.

"To yau hwa? Sunan yaron ga, shi ma mata nawa ad da shi garin ga?"

Ya sosa ƙeya. "Na so in musanya, wallahi. Yaran sunka ce shi ɗai ka hawa kiɗin."

"Kiɗin! Ka ji min mutum. Asirina na bayan ƙohwa shi kak kai ma kiɗi?"

"Ba da ƙeta niy yi ba," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Ban taɓa ganin abu mai kyau awa shi ba. Ke ba ki ga kasuwa ba. Maza na dariya, amma tsohhin mata hawaye suka sharewa."

Na ce, "Inna hwa?"

Nan ya tsaya cak. Wallahi ya manta. Shi a saninsa, abin da aka faɗa a kasuwa yana watsewa ne tare da kasuwa, gobe a nemi wani. Tun yana yaro haka sana'ar take. Bai taɓa tunanin za a zuba bakinsa a roba, ya shiga mota ya tafi inda shi bai je ba. Ya fita a guje wajen mai kaset, ya tarar an riga an kwafa an kwafa, wanda ya saya ma ya kwafa wa wani. Magana zarar bunu ce.

Abin haushin, sai a lokacin kasuwarsa ta buɗe. Ana aiko masa daga gidajen biki, ana tsayar da shi a hanya a ce ya ɗan yi ta mai ɗan fari. Mahaucin da ya kori ɗansa ya aiko mana da tsoka, ba ƙashi ba. Samarin suna tafiya suna buɗa kafaɗa, suna gaishe ni da ladabi kamar sun yi mini alheri. Maigidan dai ya daina yin wasan, duk wanda ya roƙa sai ya ce murya ba ta nan, amma ihu ne bayan hari. Ni kuwa duk sallamar da na ji a ƙofa sai gabana ya faɗi.

Wata rana da hantsi Inna ta iso. Na shimfiɗa mata tabarma, ta sha ruwa, ta tambayi lafiyar kowa har da akuya. Sannan ta ce a kira mata maigidan. Ya shigo ya bar takalmansa tun daga zaure, ya tsuguna can nesa jikin rumbu, kai a ƙasa, yadda suruki ke yi.

Ba ta dube shi ba, ni ma ba ta dube ni ba. Ta ce, "An sa abin ga Karaye, wurin suna, ina zaune. Mata sunka juyo suna dubana." Ta gyara mayafi. "A ɗauko kayan yaron ga."

Na saci kallon mijina. Ga bakin da ke tsayar da kasuwar Jega, bakin da ke sa mai bashi da mai binsa su yi dariya tare. Sau ɗaya rak a rayuwata na buƙaci bakin nan. Na so ya ce ƙarya ya shirya, ya ce shi ya ƙaga, ya ce komai ma. Amma suruki ba ya jayayya da uwar matarsa, ko ido ba ya haɗawa da ita. Na ga leɓensa ya motsa. Abin da ya fito shi ne, "To, Inna." Da akwai muciya kusa da ni, ban san abin da zan yi ba.

Yaron ya san ba a taɓa ni gaban mutane, tun yana rarrafe ya koya. Amma ran nan ya ji a jikinsa, ya lallaɓo ta bayana ya damƙe gefen zanena. Ina jin nauyin hannunsa.

Sai Inna ta juyo ta dube ni sosai. "Ko kina da magana?"

Na yi lissafina a tsaye. In na ce a bar mini shi, na gaskata kaset, ta tafi da shi, ta tafi da sauran mutuncina. In kuwa na nuna ko a jikina, wataƙila ta ce sharrin ɗan kama ne, ta huce ta bar shi. Hanya ɗaya ke nan da ta rage mini. Na taɓe baki, na ɗaga murya yadda matan gidan da ke laɓe za su ji.

"A tahi da shi mana. Mi nika yi da shi? Dama ya ishe ni."

Maganar ta fito tsaf, ko rawa muryata ba ta yi ba. Mijina ya ɗago kai a firgice ya dube ni.

Inna ta ce, "Madalla. Haka nika son ji." Ta miƙe ta karkaɗe zanenta, ta sa hannu ta karɓi ƙullin kayan.

Don Inna na faɗa, na manta akwai wani mai kunne a bayana. Ya zagayo ya ɗaga kai yana kallon fuskata, yana jiran in ƙifta masa ido ko in yi wani abu da zai gane wasa ne. Idon Inna na kaina, ban yi ba. Bai yi kuka ba. Ya saki zanen da kansa, ya taka ya je ya kama hannun kakarsa, ba wanda ya ja shi.